Daga Matamaye: Me ya hana dillaliya zama jarumar littafin bincike na Hausa?

Idan aka wayi gari babu rago a turke a wata unguwa ta Matamaye, ba ofishin jandarma ake fara nufa ba. Mai rago ƙasa yake fara dubawa, ya ga ko sawun ta ƙofa ya fita ko ta katanga aka tsallakar da dabbar. Daga nan sai maƙwabta, sai mai unguwa, sai a tura yaro wajen mahauta da dillalai ya ji ko an kawo wani rago mai baƙin kunne. Wani kuma ya lallaɓa wurin mai bugun ƙasa.

Kafin la'asar an fara ambaton suna a fadar samari da bakin famfo. Galibi kuwa sunan wanda ba shi da mai tsaya masa ne: almajiri, ko ɗan ci-rani da ya zo aikin garka, ko wani yaro da aka taɓa kamawa da kaza shekara biyar da suka wuce.

Haka abin yake a Magarya da Daura da Tasawa, da duk garin da bai yi girman da mutum zai kasa sanin maƙwabcinsa ba. Irin wannan ƙaramin gari da irin wannan ƙaramin tashin hankali su ne jarin wani reshe na adabi da ya kusa shekara ɗari yana ci a kasuwar littattafai ta Ingila da Amurka. A Hausa kuwa, duk da tarin littattafan da aka buga a Kano daga shekarun 1980 zuwa yau, da wuya mai karatu ya ci karo da shi.

Tsohuwa mai saƙa da malamar da ta yi ritaya

Sunan da Turawa suka ba wannan nau'in labari yana nufin abu mai ɗumi da kwanciyar hankali, irin na wanda ya lulluɓa da bargo a daren hunturu. A Hausa ana iya cewa labarin bincike mai sanyi.

Sharuɗɗansa kaɗan ne. An aikata laifi a ƙaramin gari. Wanda zai gano mai laifin ba ɗan sanda ba ne, wani mazaunin garin ne mai sana'arsa daban, sau da yawa ma mace ce da ta manyanta. Ba a nuna jini, ba a batsa, ba a harbe-harbe. Sannan wajibi ne marubuci ya baje duk alamun a gaban mai karatu, ta yadda mai kaifin basira zai iya riga jarumar gano amsa.

Uwar wannan gida ita ce marubuciyar Ingila Agatha Christie. A 1930 ta fitar da The Murder at the Vicarage, littafi na farko cikin 12 da ta yi a kan Miss Marple, wata tsohuwa mai saƙa da shuka furanni a ƙauyen da aka ƙirƙira mai suna St Mary Mead. Tsohuwar ba ta da bindiga, ba ta da ofis. Abin da take da shi shi ne ta daɗe a duniya tana kallon mutane, don haka duk wanda ake zargi sai ya tuna mata da wani a ƙauyensu da ya taɓa yin irin halinsa.

Amurkawa ne suka kai labarin bakin teku da ƙarfi. Daga 1984 zuwa 1996 tashar CBS ta nuna Murder, She Wrote, kashi 264, inda Angela Lansbury ta fito a matsayin Jessica Fletcher, malamar makaranta da ta yi ritaya, mijinta ya rasu, tana zaune a wani garin masunta da aka ƙirƙira, Cabot Cove, a jihar Maine. Masu kallon tashoshin Faransanci sun san shirin da suna Arabesque. Gawarwakin da aka tsinta a ɗan garin nan sun yi yawan da masu kallo suka riƙa raha cewa babu gari mafi hatsari a Amurka kamarsa.

Ba don kyan ruwa kawai marubuta ke son garin bakin teku ba. Gari ne mai iyaka: ruwa a gefe ɗaya, hanya ɗaya ta shiga da fita, mazauna kaɗan da suka san asirin juna, sai kuma baƙi da ke zuwa da tafiya bisa yanayin shekara. Wannan ya ba marubuci abu biyu da yake buƙata, wato ƙididdigaggun mutanen da za a zarga, da kuma sabuwar fuska a kowane littafi.

Matamaye ba ta da teku, Nijar ma gaba ɗaya ba ta da shi. Amma tana da abin da ke yin aikin teku, wato iyaka. Garin shi ne mazaunin hukumar gundumar Kance a jihar Damagaram, ƙasa da kilomita 100 daga birnin Zinder, a kan hanyar da ta sauko daga Takeita ta bi ta Ɗan Barto ta faɗa Kwangwalam a jihar Katsina, ta wuce Daura da Kano. Direbobi, 'yan canji, fatake, masu sayen rake idan kakarsa ta yi a fadamun yankin, matafiya masu kwana ɗaya su wuce: baƙo ba ya yankewa, kuma 'yan gari sun san wanda ya sauka a gidan wa.

An ma riga an gwada cewa labarin na rayuwa ba tare da teku ba. A 1998 Alexander McCall Smith ya fitar da The No. 1 Ladies' Detective Agency, wanda ya kafa a Botswana, ƙasar da ita ma tudu ya kewaye. Jarumarsa, Precious Ramotswe, shanun da mahaifinta ya bar mata ta sayar ta buɗe ɗan ofishin bincike a Gaborone, kuma yawancin abin da ake kawo mata ba kisa ba ne: miji ya ɓace, uba na son sanin inda 'yarsa ke zuwa, wani ya zo yana da'awar shi ne mahaifin wata. A maƙwabciya Mali, marigayi Moussa Konaté ya yi jerin littattafai da Faransanci a kan Kwamishina Habib, har ya kai shi ƙasar Dogon a L'Empreinte du renard na 2006, sai dai shi nasa jarumin ɗan sanda ne mai albashi.

Ɓarawo ya samu littafi tun 1934

Babu mai cewa marubutan Hausa sun guji laifi. Tun gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifi littattafan zube na farko, ɓarawo ya samu gurbinsa. Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo labarin ɓarayi ne da dabarunsu. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam cike yake da zambar da Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke ƙulla wa juna. Jiki Magayi na John Tafida da East kuwa labarin ramuwar gayya ne da ya ƙare da jini.

Amma a dukkansu mai karatu na tafe tare da mai dabarar. Ya san wanda ya yi, abin da yake jira shi ne ya ga ko zai sha ko za a rama. Wannan gadon tatsuniya ne. Gizo ne ke da labari, ana bin sa ana dariya har asirinsa ya tonu da kansa. Ko Dila, malamin daji, idan ya zo raba gardama, da wayo yake kama mai wayo, ba da tara shaidu ba.

A 1982 gasar Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayyar Najeriya ta fito da wasu littattafai da suka matso kusa. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya shiga duniyar fasa-ƙwauri da cin hanci, duniyar da duk ɗan bakin iyaka ya san ƙamshinta. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare kuwa ya bi Mailoma da gungunsa cikin kisa da makamai, irin labarin da matasan da suka taso da littattafan James Hadley Chase suka karɓa hannu bibbiyu. Bayan da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa, marubuta irin su Bala Anas Babinlata da Nazir Adam Salih sun riƙe wannan layi na labari mai tsinka zuciya, a daidai lokacin da soyayya da zaman aure suka mamaye teburan masu sayar da littattafai, daga In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino zuwa Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Ahmed Funtuwa.

To, akwai laifi a littattafan soyayyar ma, har da yawa. Ana sa guba a abinci, ana musanya jariri, ana ƙulla wa kishiya sharrin sata. Sai dai yadda gaskiya ke fitowa ne abin dubawa. Ko mai laifin ya kwanta ciwon ajali ya kira dangi ya tona kansa, ko boka ya juya masa baya, ko wani ya laɓe a bayan labule ya ji komai, ko a gani a mafarki. Alhaki ne ke yin aikin ɗan sanda, kamar yadda sunan littafin Balaraba Ramat Yakubu na 1990, Alhaki Kuykuyo Ne, ya nuna. Wannan ra'ayi ne mai tushe a addini da tarbiyya, amma ta fuskar ƙira hanya ce mai sauƙi ga marubuci, domin ba sai ya wahalar da kansa wajen shuka alamu tun babi na farko ba.

A ɓangaren Nijar, fitattun marubutan zube da Faransanci suka yi, kuma tarihi da siyasa da ci-rani suka fi ɗaukar hankalinsu. Abdoulaye Mamani ya yi Sarraounia a 1980. Mahamadou Halilou Sabbo ya yi Abboki ou l'appel de la côte a 1978, kan samarin da ke barin ƙauye su nufi biranen bakin teku. Wato a adabin Nijar teku wurin da ake tafiya neman kuɗi ne, ba wurin shan iska ba. Ko fim ɗin Aïcha Macky na 2021 mai suna Zinder, wanda ya zaga duniya, unguwar Kara-Kara da matasanta masu ƙarfin tuwo ya nuna. Ƙananan garuruwa masu shiru irin Matamaye ba su samu mai ba da nasu labarin ba.

Wadda ke shiga gidan da aka rubuta “ba shiga”

Da za a nemi wanda zai yi aikin Miss Marple a garin Hausa, ba sai an yi dogon tunani ba. Dillaliya ce.

Ita ce ke shiga gida goma a yini, har gidajen da namiji baligi ba ya wuce zaure. Ta san amaryar da ta sayar da ɗan kunnen gwal a ɓoye da dalilin sayarwar. Ta san turmin atamfar da ya fito daga lefen wance ya koma akwatin wance. Ta san gidan da aka daina ɗora tukunya sau biyu, da gidan da kwatsam aka fara cin nama kullum alhali maigidan bai sauya sana'a ba. Ba a ɓoye mata magana domin ba a ɗauke ta a bakin komai ba, kuma wannan rainin shi ne babban makamin duk tsohuwar da ta taɓa yin bincike a littafi.

Tana da abin da Miss Marple ba ta da shi ma: dalilin kuɗi. Idan aka kama kayan sata a ƙullinta, ita za a fara tuhuma, kuma amanar da ta shekara ashirin tana ginawa ta rushe a yini ɗaya. Saboda haka ba sai marubuci ya ƙirƙiro mata dalilin shiga abin da ba ruwanta ba. Wanke kanta kawai ya isa ya fitar da ita da mayafi da tsakar rana.

Bayan ita akwai uwar adashi, wadda ke riƙe da lissafin rabin matan unguwa a ka. Akwai ungozoma. A ɓangaren maza akwai wanzami, da mai shayin tasha da ke ganin wanda ya shiga motar asuba, da ɗan kamasho, da tsohon malamin lakkwal da ya koyar da kusan duk wanda ake zargi kuma har yanzu yana gane rubutun hannunsu. Akwai kuma masu bin sawu, waɗanda ke duba ƙasa su ce mutum biyu ne, ɗaya na ɗingishi, kuma dabbar jan ta aka yi. Wannan ilimi ne na gaske da makiyaya da mafarauta suka gada, ba a jami'a aka koyo shi ba.

Laifin ma ba sai an aro kisan gidan Bature ba. Kuɗin adashi sun ɓace ranar kwasa. An sayar da filin gado ga mutum biyu, kowa da takardarsa. An buɗe akwatin lefe a gidan amarya an tarar da abin da ba shi aka zuba ba. Sai kuma wanda duk ɗan ci-rani ya sani ko ya ji labari: mutum yana Legas ko Libiya ko Aljeriya yana aiko da kuɗin gini shekara uku, ana turo masa hoton gida ta WhatsApp, ranar da ya dawo ya tarar hoton gidan wani ne. A irin wannan labari waɗanda za a zarga ba su wuce biyar ba, kuma dukkansu 'yan uwa ne, wanda hakan ya fi kowace bindiga tayar da hankali.

Akwai dai iyaka. Yankin Kance ya san ɓatan da ba na nishaɗi ba. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace, yawancinsu mata da yara, kuma da dama daga wannan yanki suka fito. Irin wannan ba abin da za a warware a kan kofin shayi ba ne, aikin ɗan jarida ne da kotu. Labari mai sanyi yana da girman da ba ya wucewa.

Tsakanin bincike da tonon asiri

Dalilan da suka sa wannan nau'i bai kama ƙasa ba sun fi ƙarfin a ce marubuta ba su karanta Agatha Christie ba.

Na farko shi ne rufin asiri. A garin Hausa mai bin diddigin mutane ba jarumi ba ne. Sunayensa ma sun nuna matsayinsa: ɗan sa-ido, magulmaci, mai shiga sharo ba shanu. Addu'ar da aka fi yi ita ce Allah Ya rufa asiri, kuma idan aka gano ɓarawon ɗan gida ne, dattawa kan kashe maganar a zaure, a biya a ɓoye, a ce a bar wa Allah. Labarin bincike kuwa ƙarshensa tara jama'a ne a nuna mutum da yatsa. Marubucin da ya kwafo wannan ƙarshen yadda yake, jarumarsa za ta fito a matsayin mai raba zumunci.

Sai dai addinin da ya hana leƙen asirin mutane shi ne kuma ya hana hukunci da zato. A Suratul Hujurat, aya ta 12 ta yi hani ga yawan zato da binciken aibin mutane, aya ta 6 kuma ta yi umarni da a tantance labari kafin a cutar da wasu cikin rashin sani. Duk ɗalibin da ya yi karatun zaure ya san ƙa'idar cewa kawo hujja na kan mai ƙara. Kuma misali mafi shahara na gano gaskiya ta hanyar alama yana cikin Suratu Yusuf, inda wani daga cikin mutanen gidan, ba alƙali ba, ba dogari ba, ya ce a duba rigar: ta gaba ta yage ko ta baya? Da wannan tambaya ɗaya aka wanke wanda aka yi wa ƙazafi.

Nan ne mafitar marubucin Hausa take. Jarumar da za ta karɓu ita ce wadda ta tashi don ta wanke wanda aka ɗora wa laifi, kama mai laifin ya zo daga baya. Tana iya ma gano shi ta same shi shi kaɗai, ya mayar da abin mutane, gari bai ji ba. Mai karatu ya samu amsarsa, asiri kuma ya rufu. Wannan ƙarshe ne da littattafan Ingila ba su cika amfani da shi ba, alhali a nan shi ne zai fi kama da gaskiya.

Dalili na biyu na aiki ne. Labarin Bature ya dogara da gawa da rahoton likita. A nan ana yi wa mamaci sutura cikin sa'o'i, dangi kuma ba sa son a taɓa gawa. Wannan ma wani dalili ne na barin kisa a koma kan dukiya da amana, inda shaidar takan zama rasit, ko saƙon murya, ko ƙullin da aka ɗaure da irin ɗaurin da mace ɗaya ce ke yin sa a unguwar.

Na uku tsoro ne. Wanda ya rubuta cewa wani mai unguwa a Matamaye ya ci filin marayu, ko da ƙirƙira ce, akwai mai unguwa na gaske da zai ce da shi ake. Marubutan Kano kuma ba su manta da 2007 ba, lokacin da aka ƙona littattafan hikaya a bainar jama'a a zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, daga baya kuma Hukumar Tace Fina-finai ta jihar ta matsa sai marubuta sun yi rajista. Maganin wannan tsohon abu ne, shi ne a ƙirƙiri gari. St Mary Mead da Cabot Cove babu su a taswira. Tashar Arewa24 ma ta nuna hakan na aiki da Daɗin Kowa, garin da aka ƙirƙira amma masu kallo daga Kano har Damagaram suka san lungunansa da mutanensa kamar unguwarsu.

Abin da ke cikin tambayar “wa ya gani?”

Wani zai ce duk wannan zancen nishaɗi ne. Amma a ƙarshen watan Maris na 2025, a garin Uromi na jihar Edo, an kashe matafiya 16, mafarauta 'yan Arewa da ke hanyar komawa gida hutun Sallah daga Fatakwal, bayan an zarge su da garkuwa da mutane. Babu wanda ya tsaya tantancewa. Kuma ba sai an je Kudu ba: a kasuwannin Arewa da na Nijar, ihun “ɓarawo” kaɗai ya isa a fara jifa, yanzu kuma ga waya, hoton mutum na iya zaga gari da sunan mai satar yara kafin ya san ana neman sa.

Littafi ba zai hana wannan ba, duk wanda ya ce zai hana ya yi zuƙi-ta-malle. Amma labarin bincike yana da wata ɗabi'a guda da yake maimaitawa har ta zauna wa mai karatu: wanda aka fara zargi kusan kullum ba shi ba ne. Baƙon da kowa ya tsana, yaron da ya taɓa sata, matar da aka ga ta fita da dare, duk marubuci ne ya ajiye su don mai karatu ya yi saurin yanke hukunci, sannan ya ji kunya a babi na ƙarshe. Wanda ya sha wannan kunyar sau ashirin a littafi, akwai fatan ya tambayi wa ya gani da idonsa kafin ya tura hoto zuwa zaure na gaba.

A maganar ragon nan ma, sau nawa ake samun sa bayan kwana biyu ya tsinke igiya ya bi garken wani? Mai rago ya yi hamdala. Yaron da aka ambaci sunansa kuwa babu mai zuwa ba shi haƙuri, kuma idan akuya ta ɓata baɗi, da shi za a fara.

Kasuwar ta koma waya

Littattafan Kano sun daɗe suna tsallaka iyaka a cikin kayan 'yan kasuwa, ta Daura zuwa Matamaye da Zinder, ta Jibiya zuwa Maraɗi. Da yawa daga masu karanta su a Nijar da Faransanci suka yi makaranta, karatun Hausar boko a waɗannan littattafan suka goge shi. Wannan hanya ta yi rauni. Takarda ta yi tsada, an rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, kuma kafin nan ma waya ta riga ta janye masu karatu.

Yanzu marubuciya na sakin labarinta shafi-shafi a zaurukan WhatsApp, ko a Wattpad da ArewaBooks, ta ba da farkon kyauta, wanda ke son ci gaba ya biya. Wasu tashoshin YouTube kuma karanta littattafan suke yi da murya, abin da ya kai labari ga wadda ba ta iya karatu ba, da direba, da ɗan ci-ranin da ke gadi da dare a wata ƙasa.

Wannan tsari kamar don labarin bincike aka yi shi, tunda kowane shafi na iya ƙarewa da sabuwar alama, 'yan zaure su kwana suna gardamar wa ya ɗauki kuɗin. Amma yana da nasa hatsarin. Babban kukan marubutan intanet shi ne masu fitar da littafin kuɗi su raba shi kyauta. Labarin soyayya na iya jure wannan, domin ko an san za a yi auren ana son a ga yadda aka yi. Labarin bincike kuwa, mutum ɗaya ya rubuta sunan mai laifin a zaure, ya kashe kasuwar.

Akwai kuma sabon dalili daga Yamai. Kundin da shugaban ƙasa Abdourahamane Tiani ya sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ko me wannan zai zama a aikace, yaran da za a ce su yi karatu da Hausa na buƙatar abin karantawa da iyaye ba za su ƙwace ba, malami ba zai ji nauyin kawowa aji ba. Labarin da babu batsa, babu jini, ga wasa ƙwaƙwalwa, ya cika wannan sharaɗi fiye da yawancin abin da ke yawo a waya yanzu.

Wurin gwaji ma akwai. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata marubuta, gajeren labari take karɓa, kuma ba ta tsaya ga 'yan Najeriya kaɗai ba. Rago ɗaya, mutum huɗu da ake zargi, da dillaliyar da aka ga igiyar ragon a ƙofar gidanta, za su shiga cikin shafi huɗu ko biyar.